Yadda za ka zaga tsohon birnin Lubek da ƙafa, ka ga gini, ka ci abinci hankali kwance

Ɗan'uwa in Allah ya kai ka Hamburg da ke arewacin Jamus, ko karatu ne ya kai ka ko aiki ko ziyara, don Allah ka ware wuni ɗaya ka shiga jirgin ƙasa ka je Lubek. A allon tasha za ka ga an rubuta Lübeck, u ɗin da ɗigo biyu a kai. Tafiyar ba ta wuce minti 45 ba daga babbar tashar Hamburg, kuma jiragen a kai a kai suke tashi, to ba sai ka tsaya wani dogon shiri ba. Abin da nake so ka riƙe tun kafin ka sauka shi ne, garin nan gishiri da kifi ne suka gina shi, in ka gane wannan duk ginin da ka kalla za ka san dalilinsa, duk abin da aka sa maka a faranti ma za ka san inda ya samo asali. Mutane da yawa zuwa suke su ɗau hoto a bakin ƙofa su sayi alewa su juya, wallahi abin yana min ciwo, don ba su ga komai ba.

Ka sa takalmi mai taushi, kambas ko makamancinsa, titunan tsohon gari duwatsu ne aka jera, masu tsinin dunduniya 'yar'uwa ki bar su a gida. Ka riƙe rigar sanyi ko da rani ne, garin kusa yake da teku, iskar ba ta da alƙawari. Ka sa tsabar yuro a aljihu don ƙananan wurare ba duka ke karɓar kati ba, bayan gida ma sai ka jefa 'yan silalla. Sannan ranar da za ka zaɓa: Lahadi shaguna a rufe suke a Jamus, Litinin kuma gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa, ni dai Talata zuwa Juma'a na fi so. In hunturu ne ka fita da sassafe, wajen ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu, ka lissafa sallolinka da wannan tun daga gida, akwai masallatai a garin taswirar waya za ta nuna maka.

Daga tasha ka miƙe, minti goma a ƙafa, za ka haye gada sai ga ta nan a gabanka, ƙofar Holstentor, hasumiya biyu masu kauri da rufi mai tsini kamar an kifa musu hula. An gina ta daga 1464 zuwa 1478. Kar ka yi saurin ɗaga waya. Ka fara tsayawa daga nesa ka duba da kyau, za ka ga ginin ba a miƙe yake ba, ya ɗan nutse ya karkata, saboda ƙasar wurin dausayi ce kuma nauyin bulon ya fi ƙarfinta, a wasu wuraren kaurin bangon ya kai mita uku da rabi. Sai ka lura da wani abu, fuskar da ke kallon waje kusan babu tagogi sai 'yan ramukan harbi, amma in ka ratsa ta ciki ka juyo, fuskar da ke kallon gari cike take da tagogi da ado. Wato baƙo mai mugun nufi bango yake tararwa, ɗan gari kuma ƙawa. A saman mashigar daga waje akwai rubutun Latin da ruwan zinare, ma'anarsa haɗin kai a gida, zaman lafiya a waje. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne saura ƙiris a rushe ta, a 1863 majalisar gari ta zauna kan a rushe ko a gyara, masu cewa a bar ta suka yi rinjaye da ƙuri'a ɗaya tak. Ƙuri'a ɗaya fa. Daga baya ita ce aka buga a takardar kuɗin Jamus ta mak 50, aka kuma sa ta a silallar yuro biyu ta 2006.

Kana wuce ƙofar ka dubi hannun dama, bakin kogin Trave, za ka ga dogayen gidaje shida na jan bulo a jere sun jingina da juna. Sito ne na gishiri, an gina su tsakanin 1579 da 1745. Nan ne zuciyar labarin. Gishirin daga garin Luneburg ake kawo shi, da farko a keken doki, daga 1398 kuma ta wata hanyar ruwa da aka haƙa mai suna Stecknitz, a tara shi a Lubek, a loda a jirgi a kai gaɓar Skane da ke kudancin Suwidin ta yau inda ake kama kifin herin kamar ba gobe. A zuba kifin a ganga da gishiri ya daɗe bai lalace ba, a sayar wa Turai gaba ɗaya, su kuma a lokacin suna da ranakun azumi masu yawa da ba a cin nama sai kifi, to ka ga kasuwa ta buɗe. Da wannan kuɗin Lubek ta zama uwa ga ƙungiyar fatake ta Hansa, masu ofisoshi a Landan da Buruj (Beljiyam ta yau) da Bagen (Norwe) da Nobgorod (Rasha). Garin da aka kafa a 1143, aka sake kafa shi a 1159, zuwa 1226 har sarkin daula ya ba shi 'yancin cin gashin kansa, kuma ya riƙe 'yancin nan har 1937.

Yanzu bari in koya maka karatun gini, don shi ne zai sa yawon ya yi daɗi. Abu na farko, me ya sa komai jan bulo ne? Arewacin Jamus shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ba ta da dutsen gini, sai yumɓu, to sai suka gasa. Kuma gobara ta ci garin a 1251 da 1276, bayan nan hukuma ta matsa a daina dogaro da katako. Ka matsa kusa ka sa tafin hannunka a bangon tsohon gini, za ka ji bulon ya fi na yanzu girma, ba kuma duka launi ɗaya ba ne, wani ja wur wani ya yi duhu don wutar gashi ba ta kama su daidai ba, wani kuma baƙi ne mai ƙyalli an shafa masa wani abu kamar tangaran kafin a gasa, sai su jera layin ja layin baƙi ya zama ado. Abu na biyu, ka riƙa ɗaga kai kana kallon goshin gidaje. Wanda goshinsa ya hau kamar matakala, tsohon yayi ne. Wanda ya lanƙwasa kamar ƙararrawa ya zo daga baya. Wanda aka yi wa shafe fari ko ruwan ƙwai da kai a miƙe, ya fi su ƙuruciya, amma sau da yawa fuskar kawai aka canza, bayanta tsohon gidan ne. In kana son ganin su duka a titi ɗaya, ka bi bakin kogi kaɗan ka shiga Große Petersgrube, gajeren titi ne amma kamar an jera maka ƙarni biyar a layi. Za ka kuma ga wasu ƙarafa a manne a jikin bango, ba ado ba ne zalla, su ke ɗaure bangon da katakon da ke ciki kar ya buɗe. Su kuma ƙananan ƙofofin da ke can sama a jere, ɗaya kan ɗaya, benayen ajiyar kaya ne. Gidan bafatake a nan shago ne da sito da wurin kwana a haɗe, ƙasa babban zaure mai tsayin rufi inda ake ciniki, sama hatsi da sauran haja, ana jan su da igiya da ƙugiya.

Daga nan ka hau hasumiyar cocin Petri, akwai lifta, kuɗin ba yawa, za ta kai ka tsayin mita 50. Ina ba da shawarar a yi wannan da wuri saboda daga sama ne za ka gane tsohon garin tsibiri ne ruwa ya zagaye shi, ka ga titunan sun gangaro daga tudu zuwa kogi kamar haƙarƙari. Ana ce wa Lubek gari mai hasumiya bakwai, na coci biyar ne, kana kan ɗaya sai ka ƙirga sauran shidan.

Sauko ka shiga dandalin kasuwa inda gidan majalisar gari yake, Rathaus, an fara shi wajen 1230 aka yi ta ƙari har ƙarnoni, shi ya sa kowane ɓangare da kalarsa. Ka dubi dogon bangon nan na sama mai manyan ramuka zagayayyu, an bar su ne iska ta riƙa wucewa kar ta ture bangon. Har yau a ciki majalisa ke zama.

Dab da shi cocin Marien take, kuma nan ina roƙonka ka ba ta lokaci. Na san wasu 'yan'uwa ba sa sakin jiki da shiga coci, wannan kowa da fahimtarsa ba na tilasta kowa, amma wanda zai shiga don kallon gini ya shiga da ladabi, ba lokacin ibadarsu ba, a cire hular sanyi a rage murya. Fatake ne suka gina ta da kuɗinsu a ƙarni na 13 zuwa na 14, don su nuna wa bishop mai babbar cocin da ke kudancin gari cewa su ma fa sun isa. Rufin cikinta ya kai mita 38 da rabi, babu rufin bulo irin wannan da ya kai shi tsawo a duniya, hasumiyoyin kuma wajen mita 125. Ka tsaya a tsakiya ka ɗaga kai ka tuna yumɓu ne aka gasa aka ɗora ɗaya kan ɗaya da hannu, ba inji. Sannan ka nemi ƙasan hasumiyar kudu. A daren 28 wayewar 29 ga Maris 1942 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan bama-bamai, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsohon gari ya ƙone, cocin ta kama da wuta, manyan ƙararrawa biyu suka faɗo daga sama suka fashe suka lotsa daɓen. Da aka zo gyara sai aka bar su a inda suka faɗi. Suna nan, ƙarfen ya tsage ya lanƙwashe, gefe ya narke, duwatsun ƙasa a farfashe a ƙarƙashinsu. Na daɗe a tsaye a wurin, babu mai magana a cikin waɗanda muka tarar, har yara sun yi tsit. Duk wani bayani da za a yi maka kan yaƙi bai kai ka ga wannan da idonka ba.

To yanzu ciki ya fara kira, mu zo maganar abinci, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne sosai don abincin gargajiyar arewacin Jamus alade ya shiga cikinsa ta inda ba ka zato. Kalmomi biyar za ka haddace. Schwein alade ne. Speck kitsen alade ne da ake yankawa ƙanana a soya. Schinken cinyarsa ce da aka busar. Schmalz man alade. Gelatine kuma abin da ke daskarar da kayan zaƙi, yawanci daga alade ake samunsa. Wanda ya fi cin mutane shi ne Speck, saboda za ka ga an rubuta kifi ka ce alhamdulillahi, a kawo maka kifin an barbaɗe shi da shi. Ya taɓa faruwa da ni a wani gidan abinci, na nemi soyayyen kifi da dankali, farantin na zuwa na ga 'yan jajayen gutsattsari a cikin dankalin, na tambaya aka ce Speck ne, suka canza min ba musu amma da na tambaya tun farko da ba a yi asarar abinci ba. Saboda haka kifin da aka rubuta Finkenwerder a gefensa ka tsallake, da Speck ake yin sa. Soyayyen dankalin da suke kira Bratkartoffeln ka ce ohne Speck, wato ban da shi, ko ka nemi dafaffe, Salzkartoffeln, ka huta. Akwai wani fate da ake ji da shi a garin, Lübecker National, da wani mai suna Birnen, Bohnen und Speck, duka biyun ba namu ba ne. Rotspon kuma da za ka ga ana ta tallarsa a kwalabe jan giya ne, daga Faransa ake kawo shi ya kwanta a Lubek, kar sunan ya ruɗe ka ka saya tsaraba.

Me za ka ci kenan? Kifi ɗan'uwa, kifi, shi ne ma ainihin abincin garin. Mafi sauƙi Fischbrötchen, ɗan burodi mai ɓawo an tsaga an sa kifi da albasa, a tsaye ake ci. In Matjes ne a ciki, herin ne matashi da aka tsuma a ruwan gishiri ba a dafa ba, laushi gare shi kamar man shanu, ga gishiri-gishiri ga ɗan zaƙi, cizon farko zai zo maka baƙo amma ka daure ka yi na biyu da albasar, a nan daɗin yake fitowa. Bismarckhering shi kuma a ruwan kal aka jiƙa shi, tsami ne da shi sosai. Wanda ba ya iya ɗanyen abu ya nemi mai hayaƙi, Räucherfisch, wannan ba wanda zai ƙi shi. Backfisch soyayye ne a cikin ƙullu, sai dai ƙullun wasu da giya suke kwaɓa shi, a tambaya.

Sai Labskaus, abincin matuƙan jirgin ruwa. Naman sa ne mai gishiri aka daka da dankali da albasa da bitrut, ya fito ja-ja kamar fate mai kauri, a ɗora soyayyen ƙwai a kai, a gefe herin da kokwamba mai tsami. Kallon farko ba ya jan rai, gaskiya, amma ka tuna abin da ya haife shi, mutane ne a teku wata da watanni babu abin da ba ya ruɓewa sai nama mai gishiri da abin tsami, haƙoran wasu ma sun lalace, dole a daka. Naman sa ne amma ba yankanmu ba ne, kuma wasu masu girkin suna sa man alade, to wanda yake kiyaye yanka ya tsaya a kifi abinsa. Ko ba za ka ci ba ka leƙa Schiffergesellschaft, gidan ƙungiyar matuƙa tun 1535, yanzu gidan abinci ne, dogayen bencina na katako da ƙananan jiragen ruwa na sassaƙa suna reto daga rufi. Tsallaken titi cocin Jakobi ce ta masu jirgi, a ciki akwai fasasshen kwalekwalen ceto na jirgin Pamir da ya nutse a 1957, mutum 86 ne a cikin jirgin shida suka tsira.

Kayan zaƙi kuwa, marzipan, shi ne sunan garin a duniya. Almon ne ake niƙawa da sukari da ɗan ruwan wardi. Za a ba ka labarin wai yunwa aka yi a 1407 babu hatsi sai almon da sukari aka yi burodi da su, tatsuniya ce, mai yunwa ina ya ga almon, abin daga gabas ya zo ta hannun fatake kuma da can sai masu hali. Shagon Niederegger da aka kafa a 1806 yana fuskantar Rathaus, a sama akwai ɗan gidan tarihin marzipan kyauta ake shiga. Yadda za ka gane mai kyau, ka duba kwali, in an rubuta Lübecker Marzipan doka ta ce ƙarin sukarin kar ya wuce kashi 30, in Edelmarzipan ne kar ya wuce kashi 10, mai kyau ba ya ƙware maka maƙogwaro da zaƙi, ɗanɗanon almon ne ke gaba har da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Amma ka juya bayan kwalin ka karanta, da yawa ana sa musu Alkohol ko Rum ko Likör, musamman masu ɗanɗano kala-kala. Akwai kuma Rote Grütze, jajayen 'ya'yan itace da aka dafa suka yi kauri ana zuba madara ko kirim a kai, da rani babu kamarsa, shi ma ka tambaya ko an sa giya ko Gelatine. Ruwan sha in ba ka son mai gas ka ce stilles Wasser. In an kawo lissafi ana ɗan ƙara wa mai hidima wani abu, kashi biyar zuwa goma.

Bayan ka ci, ka ba sauran wuninka ga lunguna, su ne abin da na fi ƙauna a garin nan kuma su ne masu sauri ke tsallakewa. Da gari ya cika a tsibiri babu wajen faɗaɗawa, sai masu gidaje suka riƙa gina 'yan ɗakuna a bayan gidajensu suna ba leburori da masu ɗaukar kaya haya, a huda wata 'yar hanya ta ƙarƙashin gidan gaba. Kusan 90 sun rage. Mashigar wani sai ka sunkuya, kafaɗunka na gogar bango, duhu na 'yan taku, sai kawai ka ɓulla wani tsakar gida shiru, ƙananan gidaje masu ƙofa shuɗiya ko kore, furanni a tukwane, keke a jingine, hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Mutanen garin na cewa sharaɗin faɗin lungu shi ne akwatin gawa ya iya fita. A titin Glockengießerstraße akwai Füchtingshof na 1639 da wani attajiri ya yi wasiyya a gina wa matan fatake da na matuƙa da mazansu suka mutu, kusa da shi akwai Glandorps Hof. Don Allah ka tuna gidajen mutane ne har yanzu, in ƙofa a rufe take kar ka tura, kar ka leƙa taga, kar ka ɗau hoton wanda ke zaune a ƙofar gidansa, in kun haɗa ido ka ce Moin, gaisuwar arewa ce kuma kowane lokaci ana yin ta.

Kar ka bar Heiligen-Geist-Hospital, an gama shi a 1286, fatake ne suka gina wa marasa lafiya da tsofaffi, a cikin dogon zauren akwai 'yan ɗakunan katako a jere, kowanne gado da ɗan abin ajiya kawai yake ci, kuma tsofaffi sun zauna a ciki har 1970. Gaba kaɗan ƙofar arewa ce, Burgtor ta 1444, da gidan tarihin Hansa da aka buɗe a 2015, wannan yana cin awa biyu, in ƙafa ta gaji a bar shi sai wani zuwan.

In rani ne rana tana kaiwa tara na dare ba ta faɗi ba, sai ka koma tasha ka hau jirgi zuwa Travemünde, minti ashirin da 'yan kai, inda kogin Trave ke shiga teku, akwai tsohuwar hasumiyar haska jirage ta 1539 da jirgin Passat mai filafilai a ɗaure a ɗaya gaɓar, ka sayi Fischbrötchen na biyu a bakin ruwa amma ka riƙe shi da kyau don tsuntsayen tekun nan fizge suke yi. Marzipan ɗin tsaraba kuma ka sa shi can ƙasan jaka nesa da rana, mai rufin cakulan narkewa yake, kuma in an buɗe leda a nannaɗe saura da kyau don iska na busar da shi.